Koyon Msemen a Aubervilliers

A ajin manya na garin Aubervilliers, nan ƙasar Turawa, muka haɗu da wata tsohuwa 'yar Maroko, muna koyon karatu da furfurarmu. Ita ta koya mini msemen, gurasarsu mai ninki-ninki. Da mai ake baza kwaɓin har ya yi shara-shara, amma hannuna ya saba da malmala tuwo, sai na tsoma shi a ruwa. Ta buge mini hannu.

"Ke, mai! Wannan ba tuwonku ba ne!"

Tun rasuwar mijina babu wanda ya taɓa ni a ƙasar nan. Na sake tsomawa, da gangan.

Bara ɗanta ya ɗauke ta zuwa birnin Lyon. Yanzu nakan gasa shida, in ci ɗaya a tsaye, sauran su kwana cikin sanyin firigo.