Mai Koya wa Manhaja Ja da Baya

Da hantsi Yayana yake kunna tsohuwar kwamfutarsa, ya tafi ya dafa shayi, ya dawo ya tarar ba ta gama farkawa ba. Kujera ɗaya ce ake amfani da ita a ɗakin. Tun rasuwar matarsa, kujera ta biyun ta koma wurin ajiye wayoyi, don ba mai zama a kai. Sai ya buɗe akwatin saƙo, ya fara karanta ƙorafin mutanen da bai taɓa gani ba.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana kula da wani ɗan ƙari da ake maƙala wa manhajar rubutu. Aikinsa shi ne ya sa wa layuka launi, ya nuna inda aka yi kuskure. Dubban mutane na amfani da shi kyauta, kuma da wuya a samu goma da suka san mutum guda ne a bayansa. Yanzu hannunsa ya fara rawa. Wata bakwai da suka wuce ya rubuta a shafin ƙarin na intanet cewa yana neman wanda zai gaje shi, har yau ba wanda ya ce uffan.

Na taɓa tsokanarsa a kan kwamfutar. Na ce, “Yaya, wannan tsohuwar ai ta girmi ’yarka. Ka sauya ta mana.”

Ya ce, “In na sayi mai gudu, ta yaya zan san wahalar mai irin wannan?”

A kanta yake gwada komai. Yana da wani kundi da ya tara manyan fayiloli, yana kiran su giwaye. Duk gyaran da ya yi sai ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, yana kallon agogo.

Wata ma’aikaciyar tashar ruwan famfo ce ta kawo masa babbar giwar. Injinan tashar suna rubuta bayanin aikinsu a fayil guda, layi miliyan shida. Ranar da famfo ya lalace, ta buɗe fayil ɗin don ta gano lokacin da matsalar ta fara, sai allon ya sandare. Unguwanni uku na jiran ruwa, ita kuma tana kallon alamar jira tana juyawa. Ta rubuto masa da zafi: “Malam, abin nan naka ya kashe mini aiki!”

Wani da cewa zai yi ta raba fayil ɗin, ko ta nemi kwamfuta mai ƙarfi. Shi kuwa ya amsa nan take, ya nuna mata yadda za ta kashe ƙarin ta ci gaba da aikinta, sannan ya ce, “Laifina ne, Hajiya. Turo mini fayil ɗin.” Ya gano cewa duk harafin da aka danna, ƙarin nasa sai ya koma ya karanta fayil tun daga farko. Ya yi mako uku yana gyara, har ya koya masa ya duba layukan da ke gaban ido kawai. In fayil ya wuce ƙima kuma, ya kashe kansa, ya bar mutum ya yi aikinsa.

Wannan ya ba ni haushi. Na ce, “Ka yi shekaru kana gina abu, yanzu kana koya masa ɓacewa?”

Ya yi dariya. “Ita ruwa take nema, ba launi ba.”

Matar ba ta sake rubutowa ba. Na tambaye shi ko ta gode, ya ce shirun ya ishe shi, yana nufin fayil ya buɗe. Ni dai shirun nan yana ci mini rai. ’Yarsa tana nesa, takan kira a ƙarshen mako. Sauran kwanakin, masu ƙorafi ne kaɗai ke yi masa magana.

Yaya, kai ne mai haƙurin da ba a gani. Kai ne ka ɗauki mai tsohuwar kwamfuta da daraja ɗaya da mai sabuwa. Na gode maka a madadin duk wanda ya buɗe babban fayil bai ji komai ba, ya wuce bai san ka yi masa hidima ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka sauƙi.

Jiya ina zaune a bakin gadonsa saƙo ya shigo. Na ga ya miƙe zaune da sauri, ya gyara tabarau, yana fatan wanda zai gaje shi ne ya amsa. Ashe wani ne ke cewa launin shuɗin ya yi duhu. Sai ya riƙe hannun dama da na hagu, ya fara amsawa da yatsa ɗaya.

Ku masu wannan sana’a, ku yi koyi da shi, kuma ɗayanku ya amsa masa. Ya ce ko wanda bai ƙware ba ya zo, zai koya masa komai, amma ya zo tun yatsan nan yana iya nuna layi.