Buhunan Mutanen Michika

Da dako na fara a kasuwar Jimeta, daga nan na koma awo da mudun aro, har na kai ga sito biyu na hatsi. Ban gaji komai ba. Turancina bai wuce na ciniki ba, shi ya sa abin da 'yata ta rubuta a kaina sai daga bakin wata na fara jinsa.

Bara ne, tana shirin jarrabawar fita sakandare. Cikin littattafan da aka ɗora musu akwai wani ɗan siriri na Turawan Ingila, tun na zamanin keken doki. Kullum bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a Limawa tana bita da ƙarfi: rowa, talauci, tuba. Rannan na ce ta ba ni labarin. Ta ce wani tsoho ne mai dukiya, ko tsinke ba ya ba kowa, aka tsorata shi cikin barci, gari na wayewa ya zama mutumin kirki, kowa ya yafe masa.

"Kwana ɗaya tak?" na ce. "Lallai Turawa na da sauƙin yafiya."

Ba ta yi dariya ba. Ban kuma kula ba a lokacin.

Malamarsu ta Turanci 'yar Ibo ce haifaffiyar Jimeta, tun kafin ta yi aure take sayen wake a wurina. Ran wata Asabar ta zo, ina cikin yi mata awo ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Alhaji, yarinyanka ya sa ka a takarda fa."

"Wace takarda, Madam?"

"Na ce kowa ya kwatanta tsohon nan da wani abu da ya gani da ido. Shi ya rubuta kai. Wallahi ya fi kowa maki." Ta dubi fuskata, ta ajiye jaka. "Ah-ah. Ba ka sani ba? Alhaji, ka yi haƙuri, bakina ne. Kar ka rage min gyara saboda wannan."

Ban rage mata ba. Amma na rufe sito tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ran Asabar ba.

A gida na ce yarinyar ta ɗauko takardar ta fassara mini, kada ta tsallake ko layi ɗaya. Uwarta ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Yarinyar ta karanta, ba ta tsaya ba. Ta rubuta cewa shekarar da aka koro mutanen Michika da Mubi suka cika Yola, tana da shekara shida, ta ga mata da goyo a ƙofar siton babanta suna roƙon ko mudu ɗaya. Ta ga buhuna a bayansa sun kai rufi. Ta ga ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Ta ƙare da cewa tsohon littafi ya tuba, wannan kuwa har yau bai san ya yi laifi ba.

Ni ke nan. Ni da gidana ya cika da baƙi a shekarar har zaure, har yarana suna kwana a ƙafar uwarsu. Ita kanta cikar gidan ce ta sa nake ɗaukarta zuwa sito. Shekara goma yarinyar nan tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo mini ruwan alwala, ashe marowaci take gani. Na ji zafin da ban ji ba ko ranar da aka fasa mini sito.

"Sa mayafinki," na ce.

"Alhaji, ka bi a hankali," in ji uwarta.

"Ba dukanta zan yi ba. Karatu zan ƙara mata."

Muka hau keke napep zuwa kasuwa. Na buɗe tsohon siton, na hau benci na sauko da wani ƙunshi daga saman katako. Buhuna ne marasa komai a ciki, a ninke. Na shimfiɗa su a ƙasa ɗaya-ɗaya.

"Me kika gani?"

"Buhuna."

"Duba bakinsu."

Wani da jan zare an yi masa ƙulli biyu. Wani an zana masa sawun kaza da shuɗin fenti. Wani an ɗinka masa ƙyallen atamfa a kusurwa. Na gaya mata abin da kowane ɗan dako a kasuwar nan ya sani, ita da ke ajin ƙarshe ba ta sani ba. Manoman can arewa da ke ajiya a wurinmu ba ma rubuta takarda da su. Kowane gida da alamarsa, mu kuma muna riƙe ta a ka. Buhun ajiya ba a kwance bakinsa sai mai shi na tsaye, ko ya aiko wanda ya san ƙullin. Dillalin da ya kwance sau ɗaya, ko da hujja, ya gama sana'a. Daga Gombi har Madagali za a ji.

A daminar shekarar, da suka ga abin yana matsowa, suka kwashe rumbunansu suka aiko mini: dawa, masara, wake. Sannan 'yan tayar da ƙayar baya suka shigo garuruwansu, kowa ya yi ta kansa. Buhunan da ta gani sun kai rufi, ko ƙwaya ɗaya a ciki ba tawa ba ce.

"Kin san me ya faru bayan nan?" na ce. "Masu buhunan sun zo. Wasu ta kan duwatsu, wasu sai da suka zaga ta Kamaru. Wata tsohuwa ta iso nan ba takalmi, ta shafa ƙullinta ta ga yadda ta ɗaura haka yake, ta zauna a nan inda kike tsaye ta yi ta kuka. Da wannan dawar ta riƙe jikokinta har aka koma. Wannan yana cikin littafinku?"

Ta tsura wa buhunan ido. Ni kuwa na samu bakin magana, na yi ta yi. Na ce littafin nan ya lalata muku ido. Ya koya muku duk ƙofar da ke rufe rowa ce, duk hannun da ke rabo tuba ne. Tsohon nasu kayansa ne, ba na kowa ba, in ya ga dama ya watsar a titi. Kuma sai da ya tsufa yana matse mutane, sannan safiya ɗaya ya aika wa wani da nama, aka buga masa tafi har a jarrabawar 'ya'yanmu. Na san irinsa a kasuwar nan. Wanda ya ɓoye masara a shekarar gudu har farashi ya hau, yau shi ke rabon shinkafa da azumi, da mai ɗaukar hoto a gefe.

Sai da na yi shiru don in numfasa, ta nuna buhunan da ke ƙasa.

"Baba, waɗannan fa? Me ya sa suke nan?"

"Masu su ba su zo ba."

"Abin da ke ciki fa?"

Na gaya mata gaskiya, don ban saba akasinta ba. Na sa wa hatsin maganin ƙwari sau biyu. Wake ne ya fara lalacewa. In ka shiga siton za ka ji zafi da ƙarar ƙwari kamar ana yayyafi. Dawar ta fi jurewa, amma ita ma ta zama gari. Bayan shekara biyu na sa aka kwashe zuwa bola, na wanke buhunan na ajiye ko wani nasu zai zo.

"Ka tambayi malam a lokacin?"

"In tambaye shi me?"

"Ko ya halatta ka raba wa matan nan tun bai lalace ba. In masu shi sun dawo, ka biya su da naka."

Raina ya ɓaci fiye da da, don na san wannan tambayar. Na santa tun ranar da na sa kwaɗon. Limamin masallacin kasuwa taku kaɗan ne daga ƙofata, sau biyar nake ganinsa a rana, ban taɓa buɗe baki ba. Na san abin da zai iya cewa, ban kuma so ji ba. Da na kwance buhu ɗaya, washegari za a ce wane ya ci amanar 'yan gudun hijira, kuma ba wanda zai tsaya jin fatawa. Sunan nan da dako na gina shi, ba ni da wani abu bayansa.

Haka na faɗa mata, da faɗa-faɗa, kamar ita ta yi laifin.

Ta tsugunna ta ninke buhunan yadda ta same su. Sannan ta zauna a benci, ta ciro takardar da biro daga jakarta, ta yi ta gogewa da rubutu a kan cinyarta. Ina tsaye ina huci, masu dako suna leƙe suna wucewa.

"Me kika canza?"

"Na sa labarin alamun. Na sa tsohuwar."

"Rowar fa?"

"Na cire, Baba. Ba rowa ba ce, na yarda. Ka yafe mini."

"To me kika sa a wurinta?"

Ta dube ni. "Tsoro."

"Ni? A kasuwar nan? Uwata, kin san da wa kike magana?"

"In goge?"

Ta riƙe biron a kan kalmar tana jira. Na yi ta neman abin da zan ce ya fi wannan daidai, har aka kira la'asar ban samu ba.

"Bar shi," na ce. "Amma ki gaya wa Madam, in ta karanta wa 'yan ajinku wannan, ta nemi wani wurin sayen wake."