Zaren Malam Sani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan kunu da safen nan ɗiyata Rukayya ta kira ni daga jami'a tana kuka. Malam Sani ya rasu a Tambuwal. Ta ce ita da firojet ɗinta na ƙarshe sun rabu, tunda mai duba mata ya tafi.

Shi ya koya mata kwamfuta tun tana sakandare. Ko damina ta cinye hanyar Kebbe, sai ka gan shi kan babur ya kawo mata littafi, wando duk laka.

Ni kuwa aji huɗu na yi a firamare, na bar wa masu ƙoƙari sauran.

Da ta ce mini firojet ɗin a kan zare ne, sai na bi gari ina shela ɗiyata na digirin ɗinki. Uwarta har ta karɓi atamfofin maƙwabta.

Watan jiya muka haɗu da Malam a kasuwar Tambuwal. Na ce, "Malam, yaushe za su ba ta keken?"

Ya yi dariya har hula ta faɗi.

"Baban Rukayya, ba wanga zare na ba!"

Ya zaunar da ni kan benci. Ya ce can cikin kwamfuta akwai maigida, kanel sunansa. In aiki ya taso sai ya tada ɗan aike, shi ake kira zare, ya ba shi wuri da kayan aiki.

"Tada shi ba wuya, sallamar ita ce aiki. Ba a tsinke shi yana tsakar aiki. Wataƙila makulli na hannunsa, kowa ya tsaya jira, kwamfuta ta sandare. Gaya mai ake yi, a jira ya aje kayan mutane, ya fita da ƙafarsa."

Na ce, "Malam, ai wagga tarbiyya ce, ba boko ba."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Ɗazu na kira Rukayya. Na ce, "Ke, makullin Malam na hannunki. Ki gama ki aje tukun."



"Baba, ashe ka gane?"

"Rabi."

Ta yi dariya cikin hawaye. Ta ce bayan sadakar uku za ta nemi wani malami ya duba mata, ta ƙarasa.

Alhamdulillahi. Allah shi jiƙan Malam Sani, shi haskaka kabarinsa, shi ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya karanta ya sa shi cikin addu'a. In ta yi saura, a ɗiga wa Rukayya kaɗan.