Rabin Waƙar Na-Wurma

Ku da kuka san shi, kun san ruwan sama bai taɓa dukan kukumarsa ba. Shi dai ya sha duka. Da hadari ya haɗo yana kan hanya, sai ya cire malfa ya kifa mata, ya tuɓe riga ya naɗe ta, ya taho daga shi sai wando, haƙora na kaɗawa. In na ce, "Maigida, kai fa?" sai ya ce, "Ni fatata ta saba. Tata ta guza ce, in ta jiƙe fushi take, ta ƙi magana."

Na-Wurma mutane ke ce mashi. Ni kuwa sunansa na yanka bai taɓa fita bakina ba, ba kuma yau zan fara ba. Mijina ne, makaɗin kukuma, tun Turawa na nan har bayan tafiyarsu. Da an kawar da amfanin gona sai ya rataya ta ya kama hanya: biki a Kurfi, suna a Makera, ranar kasuwa ya zauna wajen mahauta a Dutsin-Ma. Sai wata ya mutu ban gan shi ba. In ya dawo, ga kaza a hammata, ga faso a ƙafa.

Sau ɗaya ya taɓa yarda zai shiga mota. An kira shi biki a Kurfi, yana Dutsin-Ma, rana ta yi. Direba ya dubi ƙunshin da ke ƙirjinsa ya ce, "Malam, kaya sama ake ɗorawa."

Ya ce, "Wane kaya?"

"Wanda ka rungume."

"Kai in ka ɗauko gyatumarka, sama kake ɗaure ta da buhunan gyaɗa?"

Ya sauko, ya taka da ƙafa. Ko da ya isa an kai amarya, mata na wanke tukwane. Ya zauna gindin bishiyar bedi, ya goga ƙaro a izgar kukuma, ya yi wa masu wanke-wanke kiɗa har suka gama. Uban biki ya ce, "Na-Wurma, ka makara." Ya ce, "Ku ne dai kuka yi gaggawa."

Wata rana tsarkiya ta tsinke mashi a kasuwar Kurfi. Gashin wutsiyar doki ake sa mata, ga shi babu mai sayarwa. Ya hangi goɗiyar wani falke a ɗaure. Ya je ya durƙusa bayanta, ya gaishe ta, ya tambaye ta gajiya, ya ce aro ya zo. Sannan ya damƙa ya fizga. Ita ma ta ba shi amsa a cinya. A kan jaki aka kawo mani shi, hannunsa dunƙule da gashin. Ina gasa mashi ƙafa ina faɗa, shi kuwa yana cewa, "Ai ta kyauta. Da ɗaya ta harba, tana da biyu."

To, ga abin da ba kowa ya sani ba. Ƙasar nan duk ta ji muryar waƙarsa, ban da ni.

Gidanmu a Wurma danga ce ta raba shi da gidan mahaifina. Shi kuwa kunyar suruki ta yi mashi yawa har ta zama ciwo. Tun daga bakin rafi yake yin shiru. Yana shigowa ya jefa kukuma cikin rumbu ya rufe, kamar ya sato ta. In Baba ya yi tari a can, shi ya gyara zama a nan. Kuma kunyar ba ta tsaya kan Baba ba, ta haɗa da iyata, da gwaggonnina, da ni kaina. Wai duk abin da ya shiga kunnena ya shiga gidansu.

Na ce, "Maigida, ko a hankali. Ko baiti ɗaya."

Ya ce, "Kukuma ba ta san a hankali ba."

Mata su dawo daga biki suna cewa, "Hajara, mijinki ya sa tsofaffi kuka jiya." Ni in yi murmushi kamar na sani. In koma ɗaki in zauna. Har rumbun nakan buɗe in ba ya kusa, in taɓa tsarkiyar da yatsa, ta ce ƙiii, in mayar.

Sai shekarar da ƙawata Indo ta haihu a Makera. Na je tun ana gobe suna, shi yana yawonsa, bai sani ba. Da hantsi muna cikin gida muna aiki, aka ce ga Na-Wurma a ƙofa. Na kama hannun Indo na ce, "Don Allah kada kowa ya faɗa mashi." Na ajiye ludayi, na raɓe jikin zana.

Jama'a, ashe haka take. Murya siririya, kamar ba daga ƙirjin mai minsharin nan take fita ba. Ya yabi mai jego, ya yabi maƙera, sannan ya sauke kiɗan ƙasa ya ɗauko wata waƙa:

"Na kwana Kurfi, na tashi Makera,
Tabarmar aro ba ta ɗumi.
Akwai wata a Wurma, ba ta rakiya,
Tana tsaye bayan danga har in ɓace..."

Nan maƙogwaronsa ya bushe, ya yi tari. Uwar mijin Indo, baiwar Allah, ta ɗauki ƙwaryar fura ta miƙa mashi waje. Ni na dama furar nan da hannuna. Kanumfari na zuba mata har ya yi yawa, yadda yake so, don hannuna bai san wani damu ba.

Na ji ya kurɓa. Na ji ya sake kurɓa. Can ya ce, "Inna, wa ya dama wannan?"

Tsohuwa ta fara kame-kame. Ya ce, "A gaida mutanen Wurma." Ya naɗe kukuma ya tafi, ko ƙwaryar bai ƙarasa ba.

Da ya dawo gida na ce, "Bayan ka ɓace, sai me ta yi?"

Ya ce, "Wa?"

"Ta bayan danga."

Ya duƙa yana neman takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Da Baba ya rasu, aka share makoki, na ce to yanzu fa? Ya ce, "Da yana raye, yakan tafi gona. Yanzu kullum yana nan bayan gari kwance, ba abin da yake sai saurare." Na yi dariya har na share hawaye. Na ce bari in ƙyale shi, akwai lokaci.

Rani biyu bayan nan zazzaɓi ya kama shi a Kurfi, can aka yi mashi sutura. Na tambayi duk wanda ya taɓa zama gabansa. Kowa ya san farkon waƙar, kowa da irin ƙarshen da yake ba ni, babu biyu da suka zo ɗaya. Na gane kowace tafiya sabon ƙarshe yake yi mata. Nawa ne kawai bai iso ba.

Allah Ya jiƙanka, Maigida, Ya sanyaya makwancinka, Ya yafe maka taurin kai. In Ya haɗa mu a gidan rahama, Ya ajiye Baba can nesa kaɗan, daidai inda ba zai ji ba, ka ƙarasa mani.