Tifar Kawu Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Kawuna direban tifa ne, ƙanin mahaifiyata, autan Kaka. Furfura ta cinye masa gemu, amma har yau in Kaka ta ce "Auta" sai ya amsa da sauri kamar yaro. Tun kafin a haife ni yake ɗebo yashi daga rafi yana kai wa masu gini, da wata tsohuwar tifa shuɗiya da ya gada wajen mahaifinsa. A tasha Mai Shuɗiya suke ce masa.

Ba shi da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muke shiri. Ina ƙarama yakan tafi da ni aiki ranar da babu makaranta. Abin da na fi tunawa shi ne hawan da ke tsakanin rafi da babban titi. Nan Shuɗiya ke kunyata shi. In ta sha yashi sai ta kama hawan a giya ta ɗaya, tana nishi tana hayaƙi, har mai tura baro zai iya jerawa da ita su yi hira. Sababbin tifofi su zo su wuce, direbobinsu sa'annin 'ya'yansa su leƙo ta taga.

"Baba Mai Shuɗiya, abincin dare za mu ajiye maka ko na safe?"

Sai ya yi murmushi, amma ina ganin yadda jijiyoyin hannunsa ke tashi a kan sitiyari. Kafin ya kai sawu ɗaya sun kai uku. A hankali masu gini suka daina nemansa.

Shekarar da na gama jami'a na dawo gida zaman jiran aiki, a ita ya samu inji. Na wata babbar mota ne da ta yi haɗari, jikinta ya tafi amma injin ko ƙwarzane bai yi ba. Bakanikensa, wanda kowa ke kira Gajere, ya ce aikin na watanni ne kuma garejinsa ba wuri. Sai aka shigo da Shuɗiya tsakar gidanmu. Ƙofar gidan mai faɗi ce, don kakanmu ya gina ta ne daidai jikin motar saboda ta riƙa kwana a gida. Tana shiga, saura kamar tafin hannu tsakanin kanta da lintar siminti da ke saman ƙofar.

Daga tagar ɗakina nake kallonsu. Sun kafa ƙarafa uku da sarƙa, suka zaro tsohon injin baƙi ƙirin, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka farfasa shi suka kwashe. Gajere yana shafa sabon yana cewa ƙarfin doki ɗari uku ne.

Kaka na zaune a bakin ɗakinta, wanda ke manne da ƙofar gida. Idonta ya daɗe da tafiya, amma kunnenta ras.

"Gajere, dawakai ɗari uku a gidan nan? Kai za ka riƙa yi musu ciyawa?"

"Hajiya, waɗannan mai suke sha."

"To Allah ya sa su san hanyar gida."

Injin ya fi gurbinsa girma. Suka matsar da lagireto gaba, suka rage tsawon farfela, suka sauya giya. Duk da haka kan motar ya ƙi zama, yana dukan saman injin. Mai walda ya zo, aka ɗaga kan da kamar taƙi guda, aka sa ƙarafa aka liƙe shi ƙam. Ba abin da ba su auna ba. Kawu yana yawo da igiya mai ƙulle-ƙulle a wuya, ya auna nan, ya auna can. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta lokacin ba, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Ranar da aka tayar da injin, kwanonin Mama suka riƙa rawa a kan kantar ɗakinta. Maƙwabta suka taru a waje. Kawu ya sa sabuwar hula, ya hau, ya saki mota a hankali. Ta zo bakin ƙofa, sai muka ji ƙarfe ya gogi siminti. Gajere ya ɗaga hannu biyu yana ihu.

Kawu ya sauko ya ɗaga kai. Kan motar ya zarce linta sosai. Igiyar awon tana wuyansa.

Sun gwada duk dabara. Aka sace iskar tayoyi, bai isa ba. Aka fara haƙa ƙasan ƙofa, aka ci karo da kwalbatin unguwa. Kawu ya ce a yanke waldar a sauke kan, in an fita a mayar. Mai walda ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa, tsatsa ta zubo, ya ce wannan ya sha wutarsa ta ƙarshe, in aka sake taɓa shi sai dai a auna motar a sikeli. Tsohon injin kuwa ya riga ya zama tarihi. Abu ɗaya ya rage, a fasa linta. Lintar kuma ita ce ta zarce ta ɗauki rufin ɗakin Kaka.

Mama ce ta je ta yi mata maganar, ta ce ta dawo ɗakin ciki na ɗan lokaci. Kaka ta shafa bangonta. A ɗakin nan ta san inda kowace ƙusa take, tana zuwa randa ta dawo ba mai riƙe mata hannu. A nan mijinta ya cika.

"Ku bar ni a inda ƙafata ta sani," in ji ta. Ta juya wajen da take jin numfashin Kawu. "Auta, yi haƙuri. Ai na kusa. In na tafi sai ka rushe."

Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Amma tun daga ranar maganar ta zauna a tsakar gidan tare da motar.

Kawu ya koma tuƙa tankar ruwan wani mutum. Kullum da safe kafin ya fita sai ya tayar da Shuɗiya don kada injin ya kwanta. Ya matsa da ita gaba har bakin ƙofa, ya dawo da ita baya, iyakar tafiyarta ke nan. Muna shanya a jikinta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, duk mai zuwa banɗaki sai ya raɓa ta gefenta. Na lura ya daina daɗewa a ɗakin Kaka. Daga bakin ƙofa yake gaishe ta, idonsa a ƙasa.

Da damina Kaka ta kwanta ciwo, har aka fara kiran dangi. Gajere ya zo dubiya. Da zai fita ya tsaya ya dubi linta, ya ce ƙasa-ƙasa, ba da mugun nufi ba:

"Mai Shuɗiya, in da hali a fara tambayar magini."

Ina tsaye da butar ruwa a bayan mota. Bayan Gajere ya tafi, Kawu ya zauna a matakalar mota ya rufe fuska da hula. Ya san ina nan.

"'Yata," ya ce, "abin da ya faɗa, jiya na riga shi tunawa. Ina riƙe da hannunta na tuna."

Na ajiye butar na zauna kusa da shi.

Kaka ta tashi. Ranar da ta fara fitowa bakin ɗakinta shan iska, Kawu ya kawo jak da manyan duwatsu. Shi kaɗai ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora motar a kan duwatsu, ya mirgina tayoyin waje ya ba wani direba. Mama ta fito tana salati.

"Auta, lafiyarka kuwa? Da me za ta fita?"

"Ba inda za ta, Yaya. So nake in riƙa shiga ɗakin tsohuwa ina kallon fuskarta."

Yanzu yana shiga, har ya zauna a bakin gadonta ya yanke mata farce. Har yau tankar mutumin yake tuƙawa, kuma ya ce ita ma a giya ta ɗaya take hawa. Da safe yana tayar da injin kamar kullum. Gidan ya ɗauki rawa, motar na kan duwatsu, hancinta na kallon ƙofa. Kaka ta ɗaga murya daga ciki.

"Auta, dawakanka sun zubar min da shayi!"

Sai ya kashe, ya sauko ya tafi aiki a ƙasa.