Mai Faifai da Filashin Ƙaninsa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Mai Faifai, a shekarar 1968, a garin kakanninsa. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya kammala makarantar koyon sana'a a 1989, kuma tun lokacin ba ya jure a yabi wani a gabansa.

Sana'a da Aure

A 1993 ya yi aure, a 1999 ya buɗe shagon gyaran kwamfuta. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, shi kaɗai a layin ya iya haɗa faifan da zai tashe ta, a zuba mata sabuwar manhaja. Wannan ɗaukaka ita ce ransa, har juya wa jama'a baya yake yi kada a ga hannunsa.

Shekarun Ƙyashi

A 2012 ƙaninsa, wanda shi ya koya wa riƙon sukundireba, ya buɗe shago daura da nasa, yana tashin kwamfuta da filashi, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka mata a jiki. Sababbin kwamfutoci suka daina zuwa da wurin sa faifai, jama'a suka koma tsallaken titi. Kai, ƙyashi ya ci mutumin nan! Yana zaune a benci yana hararar shagon, abinci ma ba ya shiga. Sau uku ƙanin ya tsallako ya ce, "Yaya, bari in nuna maka." Sau uku ya amsa, "Ni za ka koya wa aiki? Yaushe aka haife ka?" Daga nan ko gaisuwa ya yanke.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa bayan azahar, kuma ƙanin ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya uku: babbar, malamar asibiti, mai bi mata direba, sai autan, tela.

Bayan kwana bakwai aka buɗe durowarsa, aka tarar da filashi talatin da ɗaya, kowanne da kwanan wata, babu wanda ke tashin kwamfuta. Ashe a ɓoye yake ta gwadawa, amma kwafar fayil ɗin tashin kwamfutar kawai yake yi ya jefa ciki, ba ya bi da shi ta manhajar da ke shirya filashin. Ƙanin ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙasa yana hawaye, ya ce, "Haba Yaya, wallahi minti biyar ya isa in nuna maka."