Sati na Uku na Malam Harlan

Harlan Vande Kamp ɗan manomin masara ne a jihar Iowa, kuma taurin kan manoma bai sake shi ba har ya tsufa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da falsafa a wata ƙaramar kwalejin coci, aikinsa kare addinin Kirista da hujja. Yana da al'ada guda: kowace shekara sai ya yi sati biyu cur a gaban ɗalibai yana magana da bakin masu musun samuwar Allah, ya kawo hujjojinsu da cikakken ƙarfinsu. Amsa sai a sati na uku.

A shekararsa ta ƙarshe wata ɗaliba, Marlys, ta buga wa mahaifinta waya tana kuka kan darasin Harlan. Mahaifin kuwa dattijon coci ne, yana cikin majalisar kwalejin. Ranar Alhamis ta sati na biyu shugaban kwalejin, Lyle, ya kira Harlan ofis.

"Zauna, ga kofi. An dakatar da kai daga yau."

"Yau? Lyle, da hankalinka kuwa? Na rushe wa yaran nan ɗaki, Litinin zan fara gini. Ba ni sati ɗaya, sannan ka kore ni har da ganga."

"Ba daga ni ba ne. Kar ka sake taka harabar nan."

Korar ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne yara ashirin da shida da ya jefa cikin shakka da hannunsa, aka hana shi tsamo su.

"Ci abinci, tsoho," in ji matarsa Ardith. "Harabar tasu ai tana da iyaka."

Litinin da safe ya ajiye tsohuwar akori-kurarsa a tsallaken titin kwalejin, ya jingina allo a jikinta, cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Tara suka zo. Zuwa Juma'a sun kai ashirin da biyar. Marlys ce babu, mahaifinta ya ɗauke ta ya mai da ita gida don ya tsare mata imani.

Harlan ya zauna ya rubuta mata amsar da hannunsa, shafi arba'in. Bayan kwana shida wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba. Ya daɗe yana kallonta, ransa a ɓace.

"Ardith, miƙo min wani ambulan."